Dara ba zaman banza ba ce

Idan kaka ta wuce, an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, aikin gona yana raguwa. A wannan lokaci ne dara take kankama a Birnin Damagaram. Wanda ya bi lungunan Birni bayan la'asar, ko ya ratsa Zango, ko ya je kasuwar Dole ranar Alhamis, zai ga mutum biyu sun durƙusa a kan rairayi, sun tona ƴan gurabe, jama'a sun kewaye su. Haka abin yake a Mirya da Magarya da Matamaye da Tanut. Makiyaya ma suna yin ta a bakin rijiya, kafin layin shayar da dabbobi ya zo kansu.

Mutane da yawa suna ganin dara zaman kashe wando ce. Uwa tana korar ɗanta daga wurin. Maigida yana faɗa idan ya tarar da yaransa suna tona rairayi. Akwai gaskiya cikin wannan zargi, idan dara ta hana noma ko ta koma caca. Amma masana a ƙasashe da dama sun daɗe suna binciken wasannin tunani irin wannan. Sun gano abin da suke ƙara wa mutum, sun kuma gano abin da ba su iya yi. Wannan bincike ya shafi kowane gida, musamman gidan da yake da yaron da ake ce wa dolo, ko marar ji, ko ɗan ruwa.

AIKIN DA KAI YAKE YI A WURIN DARA

Dara iri-iri ce. Akwai ta gurbi 12 wadda ake zuba ƴaƴa ana kewayawa. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce ta gurbi 30, wato layi 5, kowane layi da gurbi 6. Zabarmawa suna ce mata dili. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12. Ɗaya yana riƙe da tsinken kara, ɗaya yana riƙe da tsakuwa ko kashin raƙumi. Ana sa su ɗaya bayan ɗaya har gurbi 24 su cika, 6 su rage. Daga nan sai a fara matsawa. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗan abokin wasansa guda. Wanda ƴaƴansa suka kasa kai uku an cinye shi.

Doka ce mai sauƙi, yaro ɗan shekara 6 yana iya riƙe ta. Amma mai son ya ci dole ya yi aiki da kansa. Yana ƙirga gurabe. Yana tuna inda ya yi kuskure jiya. Yana tambayar kansa: in na matsa nan, shi ina zai matsa? Yana jira sai abokinsa ya taka kafin ya taka. Idan aka cinye shi a gaban jama'a, ya share rairayi a sake sabuwa, ba tare da faɗa ba.

Manomi ya san irin wannan tunani. Ruwan farko ya sauka, sai ya auna: in shuka yau, ko in jira ruwa na biyu kada iri ya ƙone? Makiyayi ma ya san shi, yana lissafin kwana nawa ne tsakanin wannan rijiya da waccan. Hausawa suna cewa hankali ke gani, ido gululu ne. Dara wuri ne da yaro yake gwada hankalinsa, ya yi kuskure, kuma bai yi asarar ko tamma ɗaya ba.

DARAR SARAKUNA

Dara tana da ƴar uwa wadda ta zagaya duniya. Larabawa suna ce mata shaɗaranji. Faransawa suna ce mata eshek, mutanen Ingila kuma ces. An fara ta a ƙasar Indiya kusan shekara 1,500 da suka wuce. Daga can ta shiga Farisa, daga Farisa ta shiga hannun Larabawa, su kuma suka kai ta Afirka ta Arewa da Andalus.

Ana yin ta a kan allo mai gida 64, wato 8 a tsaye, 8 a kwance. Kowane ɗan wasa yana da runduna ta ƴaƴa 16. A wurin Larabawa akwai sarki, da waziri, da giwa 2, da doki 2, da keken yaƙi 2, da dakaru 8. Turawa suka mai da waziri sarauniya. Kowane ɗa yana da irin tafiyarsa. Wasa yana ƙarewa idan aka tsare sarki ya rasa mafita.

Mutanen Damagaram suna iya zaton wannan wasa na nesa ne. Ba haka ba ne, ya zo har maƙwabta. Kowa ya san daɗaɗɗiyar dangantakar Damagaram da Borno. Sarakunan Damagaram sun daɗe suna kai gaisuwa Kukawa, har zuwa zamanin Sarki Tanimu, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya rasu a 1884. A Borno ɗin nan an yi shaɗaranji, Barebari suna ce masa tsatsarandi. A 1934 wani jami'in mulkin Ingila mai suna Meek ya rubuta labarinsa, wasu suka ƙara bayani a 1939. Sun ce sarkin wasan sunansa mai. Na kusa da shi sunansa ciroma. Na bakin allo sunansa kaigama. Doki kuwa fer ake ce masa, wato doki da Barbarci. Ciroma da kaigama sarautu ne da fadar Damagaram ma ta sani. Wato mutanen Borno sun karɓi wasan sun sa masa rigar gidansu.

To, a lokacin da aka yi waɗannan rubuce-rubuce, masu iya tsatsarandi ƴan kaɗan ne suka rage. Yau da wuya a sami mai iya shi. Gwanayensa sun tafi da dabarunsu a ka. Abin da ya rage shi ne ɗan abin da aka sa a takarda.

ABIN DA AKA RUBUTA BA YA ƁATA

A wasu ƙasashe shaɗaranji bai mutu ba, domin an rubuta shi. Wajen shekara ta 840, a birnin Bagadaza, wani gwani mai suna al-Adli ya rubuta littafi a kan wasan. Ya tara hanyoyin fara wasa da matsalolin da ake ba mai koyo ya warware. Asalin littafin ya ɓata, amma waɗanda suka kwafa daga cikinsa sun isar da shi. Bayansa aka yi as-Suli, marubuci a fadar halifofin Bagadaza, wanda ya rasu wajen 946. Ya bar wata matsala mai wuya ƙwarai. Ta yi kusan shekara 1,000 a takarda, sai a shekarun 1980 wani gwani ɗan Rasha, Yuri Averbakh, ya warware ta.

A 1283 Sarki Alfonso na ƙasar Sifen ya sa aka rubuta masa babban littafin wasanni. Da yawa daga matsalolin da ke cikinsa daga littattafan Larabawa aka samo su. A 1497 aka buga littafin Lucena a Sifen, mai bayanin dokokin da suka yi kama da na yau. Tun daga nan an buga dubban littattafan shaɗaranji cikin harsuna da yawa.

A cikin tsofaffin littattafan akwai wani labari da manomi zai ji daɗinsa. Malam Ibn Khallikan ya kawo shi a ƙarni na 13. An ce wanda ya ƙago wasan ya nemi lada wurin sarki. Ya ce a sa masa ƙwayar alkama 1 a gidan farko, 2 a na biyu, 4 a na uku, 8 a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida 64. Sarki ya raina abin. Da aka zauna lissafi, sai aka ga a gida na 21 kaɗai ƙwayoyin sun wuce miliyan. Kafin a kai ƙarshe, ko an tara alkamar da duniya duka take nomawa cikin shekara 500, ba za ta biya ba. Malamin yaƙi da jahilci yana iya ba ɗalibansa wannan lissafi su gwada, ko da zuwa gida na 10 ne.

Yaya ake rubuta wasa? Hanyar mai sauƙi ce. Ana ba kowane layi na tsaye baƙi: a, b, c, har zuwa h. Ana ba kowane layi na kwance lamba: 1 zuwa 8. Ta haka kowane gida yana da suna, kamar b3 ko e4. Da wannan hanya yaro a Damagaram yana iya sake buga wasan da aka yi shekara 100 da suka wuce, taki bayan taki. Ita ma dara ana iya yi mata haka. Baƙi 6, daga a zuwa f, da lamba 5, daga 1 zuwa 5. Wanda ya yi wata 3 a ajin yaƙi da jahilci yana iya ɗaukar kaye da bik ya rubuta dabarun tsohon gwanin unguwarsu, kafin ya tafi da su kamar yadda gwanayen Borno suka tafi.

ME WASA YAKE ƘARA WA HANKALI?

Masu son shaɗaranji sukan ce yana ƙara basira a komai. Masana sun auna wannan magana, kuma ya kamata a faɗi sakamakon yadda yake.

A 1973 wasu masana biyu a Amurka, Chase da Simon, suka bi sawun wani bincike da de Groot, mutumin Holan, ya fara. Suka nuna wa gwani da ɗan koyo allon wasa na daƙiƙa 5, suka rufe. Gwani ya tuna inda mafi yawan ƴaƴan suke, ɗan koyo ya tuna kaɗan. Daga baya suka watsa ƴaƴan barkatai, yadda ba a taɓa gani a wasa ba. Sai gwani ya koma kusan daidai da ɗan koyo. Ashe ba a haifi gwani da wata ƙwaƙwalwa ta dabam ba. Yawan gani da yawan yi ne suka sa ya san fuskar wasa. Makiyayi ma haka yake. Yana duban garkensa sau ɗaya ya san saniyar da ba ta nan. A kai shi garken wani, ba zai iya ba.

Darasi na farko ke nan: gwaninta daga naci take zuwa. Darasi na biyu kuwa, gwanintar wasa ba ta tsallakawa da kanta ta shiga wani fage. A ƙasar Ingila an gwada. An ɗauki makarantu 100 da yara kusan 4,000. Rabi aka koya musu shaɗaranji na awa 30, rabi ba a koya musu ba. Da sakamako ya fito a 2016, ba a ga bambanci tsakaninsu a jarrabawar lissafi ba. Saboda haka kada uba ya yi zaton dara za ta maye gurbin lakwal ko makarantar allo. Wanda yake son lissafi sai ya koyi lissafi.

Duk da haka ƙasashe ba su yar da wasan ba. Ƙasar Armeniya ta sa shi cikin darussan ƙananan makarantunta a 2011. A 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 20 ga Yuli ta zama ranar shaɗaranji ta duniya, domin a wannan rana ce aka kafa ƙungiyar wasan ta duniya a birnin Pari a 1924. Abin da malamai da yawa suke nema a wurinsa shi ne yaro ya saba da zama, da jira, da tunani kafin miƙa hannu, da ɗaukar kaye ba kuka.

Tsofaffi ma suna da rabo. A yankin Bordo na ƙasar Faransa likitoci sun bi tsofaffi 3,675 har shekara 20. A 2013 suka ba da labari cewa masu yin wasannin tunani sun fi sauran kuɓuta daga gigin tsufa da kashi 15 cikin 100, kuma ba su cika faɗawa cikin ciwon damuwa ba. Likitocin sun ja kunne. Sun ce mai yiwuwa ne waɗanda kansu yake lafiya tun farko su ne suke ci gaba da wasa. Amma abu ɗaya a fili yake. Tsohon da yake fita wurin dara yana ganin mutane, yana raha, ana tambayar lafiyarsa. Ya fi wanda aka bari shi kaɗai a zaure.

YARAN DA KANSU YA BI WATA HANYA

A kowane gari akwai yaran da ba su yi kama da sa'o'insu ba. Likitoci sun raba su kashi-kashi.

Akwai yaron da ba ya son duban mutum a ido. Magana tana yi masa jinkiri, ko ba ta zuwa sam. Hayaniya tana damunsa, ya toshe kunne. Yana son komai ya zauna yadda ya saba, in an canja sai ya rikice. Yana iya wuni yana jera tsakuwa. Likitoci suna ce wa wannan otizim, wasu gidajen rediyo na Hausa suna cewa galahanga. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 haka yake. Idan aka bi wannan lissafi, garin da yake da yara 500 yana iya samun 5.

Akwai yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ana yi masa magana hankalinsa ya tafi. An aike shi ya manta. Yana aikatawa kafin ya yi tunani. Ana ce masa mai ƙiriniya, ana ta dukansa, ba ya canjawa.

Akwai kuma yaro mai wayo, mai iya magana da ciniki, amma baƙaƙe suna rikice masa. Ya ga b ya ce d. Sa'o'insa sun wuce shi a karatu, mushe ya mai da shi bayan aji. A ajin manya ma ana samun irinsa, kuma kunya takan sa ya daina zuwa.

Binciken likitoci ya nuna cewa yawancin wannan daga yadda ƙwaƙwalwa ta ginu ne, kuma gado yana da babban hannu a ciki. Ba laifin uwa ba ne. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare. Allurar rigakafi ba ta kawo shi, an bincika wannan a kan dubban ɗaruruwan yara a ƙasashe da yawa. Duka ba ya warkar da shi, ɗaure yaro a ɗaki ma haka.

Sai dai a lura. Wani yaron ba ya amsawa ne domin sanƙarau ya kashe masa kunne. Wani zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa masa kai. Wani tamowa ce ta riƙe shi, wani kuma farfaɗiya ce, wadda take da magani. Don haka matakin farko shi ne a kai yaro wurin likita. Idan abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, za a tura shi babban asibitin Damagaram. A cikin garin kuma akwai makarantar kurame.

RA'AYI BIYU

A kan waɗannan yara akwai ra'ayi biyu a duniya. Na farko yana cewa lalura ce, a nemi hanyar rage ta, a koya wa yaro ya yi kusa da sauran mutane. Na biyu ya fito a ƙarshen shekarun 1990. Wata masaniya ƴar Ostareliya, Judy Singer, tana cikin waɗanda suka fara yaɗa shi. Ana ce masa bambancin ƙwaƙwalwa. Masu wannan ra'ayi suna cewa kamar yadda mutane suka bambanta a tsawo da launi, haka kawunansu suka bambanta. Suna cewa rabin wahalar yaron daga jama'a take, masu tsokana da masu hana shi wuri. Da yawa cikin masu faɗar haka su kansu suna da otizim.

Wasu iyaye ba su yarda da wannan gaba ɗaya ba. Uwar da ɗanta ya kai shekara 15 ba ya magana, ba ya iya wanka da kansa, tana cewa kalmar bambanci ba ta ɗauke mata nauyi. Ita taimako take bukata, da likita, da wanda zai karɓe ta ta huta. Maganarta gaskiya ce, kuma bai kamata a rufe ta ba.

Manomi yana iya haɗa ra'ayoyin biyu, domin ya san gero yana son jigawa, dawa tana son ƙasa mai laka. Ba ya zagin gero don ya ƙi fadama. Yana kai kowane iri inda zai yi, kuma in tsutsa ta kama shi ya nemi magani. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ƙasar Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Yarjejeniyar ta ce kowane yaro yana da haƙƙin karatu da haƙƙin wasa tare da sauran yara.

WURIN ZAMA A BAKIN RAIRAYI

A nan ne dara take da amfani na musamman. Dokarta ba ta canjawa daga yau zuwa gobe, kuma yaro mai otizim yana samun natsuwa da abin da ba ya canjawa. Ba ta bukatar dogon zance. Ba dole ne a dubi juna a ido ba, kowa rairayi yake kallo. Ba ta bukatar karatu, don haka wanda baƙaƙe suke rikice wa yana iya cinye na ɗaya a aji. Kurma yana yin ta. Makaho yana iya lalubar gurabe, ya bambanta kara da tsakuwa da hannunsa. Mai ƙiriniya kuwa yana ganin sakamakon gaggawarsa nan take, an ci masa ɗa, ba tare da an ɗaga masa bulala ba.

An gwada irin wannan da shaɗaranji. A Sifen, likitoci sun sa an koya wa yara 44 masu tsananin ƙiriniya wasan har mako 11. A 2016 suka buga sakamako, iyaye sun ce yaran sun ƙara natsuwa. Binciken ƙarami ne, kuma ba a gwada su da wasu yaran da ba a koya wa ba, saboda haka ba a ce magani ne ba. A 2021 ƙungiyar shaɗaranji ta duniya ta fara wani shiri na koya wa yara masu otizim.

A birnin Legas na Najeriya, wani matashi mai suna Tunde Onakoya ya kafa ƙungiya a 2018, tana koya wa yaran unguwannin talakawa wasan. A 2021 suka shiga Makoko, unguwar masunta da aka gina a kan ruwa. Cikin yaran akwai wani wanda lalura ta taɓa ƙwaƙwalwarsa tun yana jariri, gaɓoɓinsa da harshensa ba su yi masa biyayya sosai. Irinsa ne ake ce wa ɗan ruwa. Yara suna yi masa dariya. Bayan ƴan makonni na koyo aka yi gasa, shi ya zo na ɗaya. Har gwamnan Legas ya karɓe shi suka buga tare.

Ƴan mata ma ba a bar su baya ba. Phiona Mutesi ta tashi a Katwe, unguwar talakawa a Kampala ta ƙasar Yuganda, tana tallar masara. Ta koyi wasan, ta wakilci ƙasarta a gasar duniya a 2010. An rubuta littafi a kanta a 2012, aka yi fim a 2016.

Amma kada a ɗauka kowane yaro irin wannan gwani ne a ɓoye. Da yawa ba za su ci gasa ba. Wasu ma ba za su so dara ba sam, sun fi son kiwo ko saƙa ko kiɗa. Darajar yaro ba ta rataya a kan cin wasa ba. Ribar ita ce ya samu wurin zama cikin mutane, a kira shi da sunansa, a jira shi ya taka.

INDA DARA TAKE ZAMA ƁARNA

Malaman addini sun daɗe suna magana a kan shaɗaranji, kuma sun yi saɓani. Wasu sun tsananta, wasu sun sassauta. Abin da suka haɗu a kai shi ne, idan aka sa kuɗi ya zama caca, kuma idan wasa ya sa aka bar salla ko haƙƙin iyali, ya zama laifi. Mai neman ƙarin bayani ya tambayi malamin unguwarsa. A wajen aiki ma haka ne. Wanda ya zauna dara ana tsakiyar noman farko, ciyawa za ta cinye masa gona. Komai da lokacinsa.

ABIN DA ZA A IYA YI

1. Gwanayen dara su ware lokaci, ko sau ɗaya a mako, su koya wa yara, maza da mata. A bar cewa tashi ka ba manya wuri.

2. Idan a gida akwai yaron da ba ya shiga cikin yara, a fara da shi a wuri marar hayaniya, shi da mutum ɗaya da ya saba da shi. A nuna masa doka ɗaya a rana. A fi nunawa da hannu a kan yawan magana.

3. Mai ƙiriniya a fara masa da ɗan lokaci kaɗan. In ya gaji a bar shi ya tashi, gobe a sake.

4. Kada a yi wa wanda aka cinye ihu ko waƙar tsokana. Babba ya hana.

5. Ɗaliban yaƙi da jahilci su rubuta dokokin darar garinsu da dabarun tsofaffi, da sunan kowace dabara. Dokar Birni tana iya bambanta da ta Gure ko ta Kance. A rubuta kowace yadda take, a ajiye a wurin malamin aji.

6. Mushe da malamin allo su lura da yaron da ya kasa karatu amma yake cinye kowa a dara. Wannan yaro ba dolo ba ne. Hanyar koya masa ce ya kamata a sake.

7. Yaron da ya kai shekara 2 bai fara faɗar kalma ba, ko ba ya juyowa in an kira shi, a kai shi asibiti a duba kunnensa da lafiyarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duk wannan ba ya bukatar kuɗi ko kayan waje. Rairayi yana nan, kara yana nan a kowace gona bayan girbi. Abin da ake nema wurin manya shi ne haƙuri, da ɗan matsawa gefe domin yaro ya samu inda zai durƙusa. Allah ya raya zuriya, ya ba da damina mai albarka.